Yadda Jami'a Za Ta Shawo Kan Kuɗin Wallafa Bincike a Buɗe

Saƙon yakan zo ne kashi biyu. Na farko na murna ne: mujalla ta amince da maƙalarka bayan ka shafe watanni kana jira. Na biyu yana biyo baya cikin kwana biyu ko uku, ɗauke da takardar neman biya: dala 3,000, a biya cikin kwana 30. Malamin ya ɗauki takardar ya nufi shugaban sashe, shugaban sashe ya tura shi ofishin bincike, ofishin bincike ya ce ai wannan na ɗakin karatu ne, ɗakin karatu kuma ya ce kasafinsa ya riga ya tafi wajen biyan kuɗin mujallu na shekara. Ƙarshenta a yago kuɗin daga tallafin da aka ware don sayen kayan gwaji, ko bawan Allah ya sa hannu a aljihunsa. Kuɗi dai sun fita, amma babu wani littafi ɗaya a jami'ar da zai nuna maka cewa an kashe su a kan wallafa.

A da mai karatu ne ke biya, ta hannun ɗakin karatu. Tun daga sanarwar Budapest ta 2002 aka fara yunƙurin cire shingen, domin kowa ya karanta sakamakon bincike kyauta ta intanet. Manufar ta yi kyau. Sai dai manyan mawallafa sun ɗauke shingen daga gaban mai karatu sun dasa shi a gaban marubuci, kuma a mujallu da yawa suna karɓa ta ɓangarorin biyu. Lokacin da mujallar Nature ta buɗe wannan ƙofar a 2021, Yuro 9,500 ta yanka a kan maƙala guda. Matakan da ke ƙasa na shugabannin ɗakin karatu ne, da ofishin bincike, da ofishin kuɗi, kuma zai fi kyau a bi su a jere, domin na gaba yana tsayawa ne a kan na baya.

Mataki na 1: Ku gano abin da kuke kashewa yanzu

Wannan shi ne aikin da ya fi gajiyarwa, shi ne kuma wanda aka fi tsallakewa. Ku ɗauki shekaru uku da suka wuce. Ku fitar da jerin duk maƙalun da sunan jami'arku ya fito a kansu, daga kundin maƙalu na intanet irin su OpenAlex wanda kyauta ne, ko daga Scopus da Web of Science in kuna da su. A gaban kowace maƙala ku rubuta abu huɗu: mawallafi, mujalla, ko a buɗe take ko a rufe, da kuma wanda ya jagoranci hulɗa da mujallar a cikin marubutan. Na ƙarshen nan ya fi kowanne muhimmanci, domin a al'ada shi ake aika wa takardar biya. Maƙalar da malaminku ya zo na biyar a cikin marubuta goma, wata jami'ar ce ta biya, kada ku sa ta a lissafinku.

Daga nan sai ku shiga ofishin kuɗi. Ku nemo duk biyan da aka yi wa mawallafa da sunayensu, ku nemo haruffan APC, wato kuɗin wallafa maƙala, waɗanda su ne mawallafa ke rubutawa a takardunsu. Ku duba kuɗin da aka mayar wa malamai bayan sun biya da katinsu. Kada ku manta da 'yan ƙananan da ke manne a jiki: kuɗin hoto mai launi, kuɗin ƙarin shafuka, haraji, ladan banki, da asarar canjin kuɗi. Za ku tarar adadin da ke littafi bai kai wanda jerin maƙalun ke nunawa ba. Wannan giɓin shi ne abin da mutane suka biya daga aljihu ko daga wani asusun da ba a rubuta masa suna ba, kuma 'yar gajeriyar takardar tambayoyi ga malamai za ta cike shi.

Sai ku haɗa komai a jadawali ɗaya, kowane mawallafi da layinsa: abin da kuke biyansa don karatu, abin da kuke biyansa don wallafa, jimla. Ranar da aka fara ajiye wannan takarda a gaban shugabanni, yawanci ɗakin taro yakan yi tsit. Ku kwatanta farashin da na rumbun OpenAPC na Jami'ar Bielefeld a Jamus, inda cibiyoyi da dama ke bayyana abin da suka biya a zahiri. Kuma tun daga yau ku sa ofishin kuɗi ya buɗe lambar asusu guda ta wallafa, kowane sashe ya riƙa amfani da ita, don kada a sake wannan tonon baɗi.

Mataki na 2: Ku san wanda ya wajabta, da abin da ya wajabta

Malamai da yawa suna biya ne bisa zaton cewa mai ba da tallafi ya tilasta musu. Sau da yawa abin da ya tilasta shi ne maƙalar ta kasance a buɗe, bai ce sai an biya mawallafi ba. Shirin Plan S na gamayyar masu ba da tallafi, wanda aka sanar a 2018 ya fara aiki a 2021, ya yarda a ajiye maƙala a rumbun intanet da kowa ke karantawa kyauta muddin babu jinkiri kuma tana ɗauke da buɗaɗɗen lasisi. Hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, tun 1 ga Yulin 2025 tana so a ga rubutun a rumbunta na PubMed Central ba tare da jiran wata 12 na da ba, kuma ajiyewar kanta kyauta ce. Gidauniyar Gates ta daina biyan kuɗin wallafa maƙala ɗaya-ɗaya daga Janairun 2025.

Ku rubuta masu tallafin da suka fi ba ku kuɗi, kowanne da sharaɗinsa a layi biyu. Inda mai tallafi ya yarda a sa kuɗin wallafa a kasafin bincike, ofishin bincike ya tabbatar an sa tun a takardar nema. A lura da wani tarko: maƙala kan fito ne bayan an rufe asusun tallafin, don haka a tambayi mai tallafi tun da wuri ko za a iya riƙe wani kaso.

Mataki na 3: Rumbu da riƙe haƙƙi, kafin a yi maganar biyan ko kwabo

In da za a ce in zaɓi mataki ɗaya in bar sauran, wannan zan ɗauka. Kowace maƙala tana da sura uku: wadda marubuci ya fara turawa, wadda aka amince da ita bayan masana sun tantance an yi gyara, da wadda mawallafi ya tsara ya sa mata tambari. Ilimin da ke cikin ta biyu da ta uku ɗaya ne. Ta biyun ce jami'a za ta ajiye a rumbunta na intanet, kowa ya karanta, ba tare da an biya mawallafi komai ba. Wannan ake kira koriyar hanya. Masana kimiyyar lissafi da fiziya sun saba da makamancinta tun 1991 da aka kafa rumbun arXiv.

Matsalar ita ce takardar da marubuci ke sa wa hannu ranar da aka amince da maƙalarsa. Yana cikin murna, ya latsa «na yarda», ya miƙa haƙƙin mallaka gaba ɗaya, mawallafi kuma ya ɗora wa'adin kulle na wata 12 ko 24 kafin a saka rubutun a rumbu. Maganin shi ne jami'a ta riga mawallafi. Ga yadda ake yi:

Majalisar jami'a ta zartar da doka cewa kowane malami ya ba jami'ar lasisin yaɗa rubutunsa da aka amince da shi, lasisin da bai hana shi wallafawa a inda ya ga dama ba. Tsangayar fasaha da kimiyya ta Harvard ce ta fara haka a 2008, Jami'ar Edinburgh ta bi da nata salon daga 2022, jami'o'in Birtaniya da yawa suka biyo ta. Bayan doka, sai jami'a ta rubuta wa mawallafan da malamanta suka fi hulɗa da su, ta sanar da su a hukumance. Sannan a ba malamai jimla ɗaya da za su riƙa sawa a cikin maƙalar da kuma wasiƙar turawa, mai cewa marubucin ya ɗora lasisin CC BY, wanda ke barin kowa ya yaɗa rubutu muddin ya ambaci mai shi, a kan duk rubutun da aka amince da shi wanda ya samo asali daga wannan turawar. A bar ƙofar fita ga wanda ke da dalili, misali wanda abokan rubutunsa na wata ƙasa suka ƙi. Kuma lauyan jami'a ya duba daftarin, don dokar haƙƙin mallaka ta kowace ƙasa da yadda take kallon aikin ma'aikaci.

Rumbun kansa ba ya buƙatar sayen manhaja. DSpace da EPrints kyauta ne, wanda kuma bai da ƙarfin riƙe nasa yana iya buɗe sashe a rumbun Zenodo na cibiyar binciken fiziya ta CERN. Amma kada a yaudari kai cewa babu kashe kuɗi: ana buƙatar ma'aikaci da zai riƙa bin malamai, yana duba sharaɗin kowace mujalla a Open Policy Finder, wanda a da ake kira Sherpa Romeo. Lokacin karɓar rubutun shi ne makon da aka amince da shi. In aka bari shekara ta zagayo, malamin ba zai iya tuna wane fayil ne na ƙarshe a cikin bakwai da ke kwamfutarsa ba. Dabarar da ke aiki ita ce a ce sai maƙalar da ke rumbu za a ƙirga a rahoton shekara da neman ƙarin girma.

Mataki na 4: Asusu ɗaya mai ƙa'ida a rubuce

Akwai mujallun da gaba ɗayansu a buɗe suke, kuma ba sa wallafawa sai an biya. Don irinsu ake kafa asusun tsakiya. Asusun da ba shi da ƙa'ida kuwa, masu dogon hannu ne ke cinye shi kafin tsakiyar shekara.

Ƙa'ida ta farko, kuma wadda za a fi yi muku ƙorafi a kanta: kada asusun ya biya wa mujallar jemage. Ina nufin wadda ba a rufe take ba, ba kuma a buɗe ba. Ɗakin karatu yana biyan kuɗin karanta ta duk shekara, sannan tana karɓar wani kuɗin daban don buɗe maƙala ɗaya-ɗaya. Biya biyu ke nan a kan abu ɗaya, kuma farashinsu yakan ɗara na buɗaɗɗun mujallu. Wanda ya zaɓi irin wannan mujallar ya wallafa a rufe kyauta, ya ajiye kwafinsa a rumbu. Buƙata ta biya.

Sauran ƙa'idojin gajeru ne. Mujallar ta kasance tana cikin DOAJ, kundin buɗaɗɗun mujallu da aka tantance. Jagoran marubuta ya kasance ɗan jami'ar. Malamin da tallafinsa ya ƙunshi kuɗin wallafa ya fara amfani da nasa. A sa iyaka a kan kowace maƙala. Hukumar bincike ta Jamus, DFG, ta daɗe tana riƙe da iyakar Yuro 2,000 a tsohon shirinta. A sa iyaka a kan kowane mutum a shekara. A ware kaso na ɗaliban digiri na uku da sababbin malamai, domin su ne ba su da tallafi. A riƙa sakin kuɗin kashi-kashi, duk wata uku.

Mafi muhimmanci: a nemi amincewar asusun kafin a tura maƙala. Da zarar mujalla ta amince, bakin alƙalami ya bushe, babu malamin da zai janye aikin shekara biyu saboda kun ce farashi ya yi yawa. Amma a ranar turawa yana da mujallu uku ko huɗu a ransa, kuma in kun amsa masa cikin kwana biyu zai iya zaɓar mai sauƙi.

Mataki na 5: Ku nemi rangwame, a lokacinsa

Mawallafa da yawa suna yafe kuɗin ko su rage shi ga marubutan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da ke jerin shirin Research4Life, wasu kuma suna duba halin mutum ko da ƙasarsa ba ta ciki. Kusan dukkansu a lokacin turawa suke karɓar roƙon. Ku duba kuma ko zama ɗan ƙungiyar masana da ke da mujallar yana jawo ragi.

Mataki na 6: Yarjejeniyar karatu da wallafa, a yi lissafi da idon basira

Nan ne manyan kuɗi suke. Mawallafi zai zo da tayi: ku biya dunƙule ɗaya, ku karanta mujallunmu, malamanku kuma su wallafa a buɗe ba tare da ganin takardar biya ba. Tunanin ya samu ƙarfi ne daga wata takarda ta ɗakin karatun Max Planck a 2015, wadda ta ƙiyasta cewa duniya na kashe kimanin Yuro biliyan 7.6 a shekara kan kuɗin mujallu, ta ce wannan ya isa a buɗe komai. A Jamus, gamayyar cibiyoyin bincike ta DEAL ta ƙulla da mawallafa Wiley a 2019 da Springer Nature a 2020 a kan Yuro 2,750 kowace maƙala.

Ga misali na ƙirƙira don a ga inda dabarar take. A ce kuna biyan wani mawallafi dala 200,000 na karatu. Malamanku suna jagorantar maƙala 60 a wurinsa duk shekara, 15 daga ciki an biya dala 3,000 kowacce an buɗe su, wato 45,000. Jimlar abin da ke fita 245,000. Sai ya taya muku yarjejeniya a kan 275,000, ya nuna muku allo mai kyau cewa maƙala 60 sau 3,000 ya kama 180,000, duk kun tsira da su. Ba haka ba ne. Sauran maƙala 45 ɗin ba ku taɓa niyyar biya musu ba. Gaskiyar lissafin ita ce kuɗinku sun ƙaru da 30,000, kun sayi buɗe maƙala 45 a kan kusan dala 667 kowacce. Wataƙila cinikin ya yi, wataƙila kuma rumbunku zai yi wannan aikin a ƙasa da haka. Ku ne za ku yanke, amma da lambobinku na mataki na 1, ba da nasa ba.

In za ku shiga, ku shiga cikin gamayya da wasu jami'o'in, sannan ku tsaya a kan waɗannan. Kada a ƙayyade yawan maƙalu. In dole sai an ƙayyade, a rubuta abin da zai faru idan adadin ya ƙare a wata na tara. A rubuta iyakar ƙarin farashi na kowace shekara. A fayyace ko buɗaɗɗun mujallun mawallafin da manyan mujallunsa masu suna suna ciki, domin sau da yawa ana zare su a ɓoye a shafi na ƙarshe. A tabbatar da damar ci gaba da karanta shekarun da kuka biya ko bayan an rabu. Kada yarjejeniyar ta soke dokarku ta riƙe haƙƙi. Kada ku yarda da sharaɗin ɓoye farashi, kuma kafin zama ku leƙa rajistar ESAC ta irin waɗannan yarjejeniyoyi ku ga abin da wasu suka samu. Wa'adi kada ya wuce shekara uku.

A cikin gamayya akwai wata rigimar da gara a yi ta tun farko. Idan aka koma biya bisa yawan wallafa, jami'ar da ta fi bincike kasonta zai yi tsalle, wadda ta fi koyarwa nata zai sauka. A amince da yadda za a yi sauyin a hankali cikin shekaru. Jami'ar Kalifoniya ta ɓullo da wata hanyar raba nauyi: ɗakin karatu ya biya dala 1,000 na farko, tallafin marubuci ya biya saura, wanda ba shi da tallafi kuma ɗakin karatu ya ɗauke masa duka.

Mai sayen da ba zai iya juya baya ba, roƙo yake yi. Jami'ar Kalifoniya ta katse da mawallafi Elsevier a farkon 2019, ta zauna haka har Maris 2021 da aka daidaita. Jami'ar MIT ma ta tashi daga teburin Elsevier a 2020. Abin da ya ba su ƙarfin hali shi ne shiri: sun san mujallun da ake karantawa da gaske, sun tanadi aro tsakanin ɗakunan karatu, sun kuma shawo kan malamansu kafin a fara. Alƙaluman COUNTER na yawan karanta kowace mujalla da manhajar Unsub za su nuna muku abin da za ku rasa in kun fita, da nawa ne daga ciki ake samu kyauta ta Unpaywall, manhajar da ke nemo kwafin maƙala na kyauta.

Kada kuma ku ɗauki wannan yarjejeniya a matsayin masauki. An sayar da ita ne da sunan gada zuwa buɗe mujallu gaba ɗaya, amma bitar da hukumar Jisc ta Birtaniya ta fitar a 2024 ta nuna cewa a irin tafiyar da ake yi, manyan mawallafa biyar za su ɗauki aƙalla shekara 70 kafin su kammala. Gamayyar da ke bayan Plan S ta daina tallafa wa irin waɗannan yarjejeniyoyi a ƙarshen 2024.

Mataki na 7: Ku ware wani abu don inda ba a cajin marubuci

Mafi yawan mujallun da ke DOAJ ba sa karɓar komai daga marubuci ko mai karatu. Jami'o'i da ƙungiyoyin masana ne ke ɗauke da su, kamar yadda SciELO da Redalyc suka daɗe suna yi a Latin Amurka. Akwai kuma tsarin karo-karo: SCOAP3 da CERN ke jagoranta tun 2014 ya buɗe mafi yawan maƙalun fiziyar ƙananan ƙwayoyin zarra, Open Library of Humanities tana tafiya da gudummawar ɗakunan karatu tun 2015, Annual Reviews kuma tana buɗe mujallar shekara idan masu biya sun ci gaba da biya. Ku yanke wani ƙaramin kaso tsayayye na kasafin mujallu don irin waɗannan, ku rubuta shi a kasafi don kada ya zama abin da ake fara yankewa. Mujallun jami'arku ma suna nan: manhajar OJS ta gudanar da mujalla kyauta ce, abin da suke nema shi ne lambar DOI ta shaidar kowace maƙala, mai gyaran rubutu, da wanda zai cika musu sharuɗɗan shiga DOAJ.

Mataki na 8: Kwamitin ƙarin girma, da tebur guda

Duk abin da aka lissafa zai rushe idan kwamitin ƙarin girma yana auna malami da sunan mujalla. Mutum zai bi mai tsada ko da bashi, kuma ba za a ga laifinsa ba. Haka in ana ƙirga yawa kawai, za a tura mutane hannun mujallun bogi masu wallafa komai cikin mako ɗaya in dai an biya. Sanarwar DORA ta 2012 kan tantance bincike ta nemi a auna aikin shi kansa, ba sunan mujalla ba. Sa hannu a kanta abu ne mai sauƙi, aikin yana wajen gyara fom ɗin tantancewa da horar da 'yan kwamitin. Ga sababbin malamai, jerin tambayoyin Think. Check. Submit. na gane amintacciyar mujalla ya isa a fara da shi.

A ƙarshe ku ba malamai ƙofa ɗaya: adireshin imel guda, shafi guda, mutum guda da aka san shi da aikin. Shafin ya amsa tambaya uku kawai: wace mujalla ce ke cikin yarjejeniyarmu, yaya ake neman asusu, ina ake tura rubutun rumbu. Ku sa kowa ya yi rajistar ORCID, lambar shaidar mai bincike, ya kuma riƙa tura maƙala da imel ɗin jami'a, domin da shi na'urar mawallafi ke gane cewa marubucin yana ƙarƙashin yarjejeniya. Wanda ya tura da imel ɗinsa na kansa yakan ga takardar biyan kuɗin da an riga an biya. Wata shida kafin kowace yarjejeniya ta ƙare, ku sake fitar da jadawalin mataki na 1, ku ƙara masa layi biyu: maƙala nawa aka buɗe ta kowace hanya, da nawa kowacce ta ci.